Tunkuza a Ƙarƙashin Toka

Ranar Laraba da hantsi ina lambu a bakin tabki ina ban ruwa, sai ga Garba mai jakai ya dawo daga Maraɗi. Ko kaya bai sauke ba, ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Shofer, ka ji abokinka na mishan ya rasu? Yohanna. Jiya aka kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi ciwon mi. Ya ce ƙirji ne, tun damina yake kwance. Na ƙarasa fangalin da na fara, don ruwa ya riga ya shiga, sannan na saki jigo na zauna.

Akwai samari a lambun maƙwabcina da suka ji sunan da Garba ya kira ni da shi. Ɗaya ya ce, "Baba, don Allah wace mota ka tuƙa da ake ce maka shofer?" Na ce ban taɓa tuƙa mota ba. A bakin Faransawa mai hura wutar tukunyar inji ma shofer ne, haka aka rubuta mini a takardar aiki. Suka yi dariya. Wani ya ce, "Ashe zuba shara a wuta ne. Wannan ai ko tsohuwa ta yi." Ban amsa musu ba a ranar. Amsar ce nake rubutawa yanzu, da bokon da Yohanna ya koya mini a inuwar sito lokacin hutun rana. Zan kuma faɗi abin da mutanen gidansa ba su sani ba: a kan magana guda da ta fito daga bakina aka kore shi daga aiki.

Luzin ɗin, wato gidan injin da muka yi wa aiki ni da Yohanna, ƙarami ne, na matsar man gyaɗa, a gefen gulbi tsakanin Madarunfa da Maraɗi. Na wani kamfanin Turawa ne, Bature guda ke kula da shi, muna ce masa Patoro. Na shiga aiki can ƴan shekaru kafin yaƙin Turawa, ina da mata da ɗiya ɗaya. Gyaɗa takan zo da ɓawonta, injin ɓara ya raba ƙwaya da ɓawo. Ƙwaya a niƙa, a ɗumama a kasko, a matse mai. Abin da ya rage bayan matsa shi ne tunkuza, tana fitowa faifai-faifai da tauri, a loda ta a mota a kai kudu. Ɓawo kuwa nawa ne. Shi nake ƙonawa ƙarƙashin tukunyar ƙarfe mai tsawon ɗaki biyu, ruwa ya tafasa ya zama tururi. Tururin nan aiki biyu yake yi. Ya fara shiga inji ya juya babbar ƙafa ta ƙarfe mai kama da ta mota, ƙafar ta ja dinamo a sami kuran, wato lantarki, wanda ke tafi da injin ɓara da famfon rijiya da fitilu. In ya fito daga inji da sauran zafinsa, a bi da shi ta bututu zuwa kaskon ɗumama gyaɗa. Ba mu sayen itace ko gawayi. Gyaɗa da ɓawonta muke dafa ta.

Aikin farko da tsoho Sanda ya ba ni ba na shebur ba ne. Shi ne shofer kafin ni, ya yi aikin wuta a jirgin ƙasa a Ingilishi, wato ƙasar da ke kudu da iyakarmu, kunnensa ɗaya ya mutu. Ya zaunar da ni gaban wata siririyar kwalba da ke jikin tukunya, wadda ke nuna inda ruwa ya kai a ciki, ya ce in yi ta kallo. Kwana bakwai ina kallon kwalba. Rana ta takwas ya ce, "Ruwa nawa?" Na ce rabi. Ya murɗa wani ɗan famfo a ƙasan kwalbar, tururi ya feso, ruwan ya faɗi ƙasa bai dawo rabi ba. Ya ce, "Kwalba ta yi maka ƙarya, kai kuma ka yarda." Ruwan rijiyarmu yana da kanwa, kanwar takan toshe bakin kwalba, sai ta tsaya tana nuna ruwan jiya. In ruwa ya yi ƙasa wuta na ci, ƙarfe ya yi ja, tukunya ta fashe, ba a samun gawar da za a yi wa wanka. Daga ranar, sau uku a yini nake busa kwalba.

Zuba ɓawo kuma na koya da girata. Ran da Sanda ya fara ba ni shebur, na cika shi na jibga tuli a tsakiyar wuta, na ƙara, na ƙara. Wutar ta yi shiru kamar ta mutu. Na leƙa in gani, ta buso mini a fuska. Wata biyu ina yawo ba gira, matata na rufe baki in na shigo. Ɓawon gyaɗa ba a tara shi. Watsa shi ake yi, siriri, kamar mai shanya tsaba a tabarma, kusurwar hagu, kusurwar dama, sannan baki. In ya yi kauri ya shaƙe wuta. In ka buɗe wa iska da yawa kuma, ɓawo ba shi da nauyi, ya tashi da wutarsa ya fita ta bututun hayaƙi ya sauka kan rufin mutane. Kafin in zuba nakan damƙi ɓawo a hannu in saurara. Busasshe yana ƙara. Mai laima shiru yake, hayaƙinsa fari, tururi ya faɗi. Ɓawon wajen Safo shi ne mai daɗin wuta. Na fadamar Gabi yana zuwa da ƙasa a jikinsa, ƙasar ta narke a wuta ta zama kashin maƙera, ta liƙe ragar ƙarfen da wuta ke kai, iska ta daina shiga. Sai ka ɗauki dogon sandan ƙarfe ka tsaya a bakin wuta kana fasa shi, gumi na ɗiga a ƙarfen yana ƙara. Wannan shi ne zuba sharar.

Kwasar toka ita ce aikin da nake yi kullum bayan azahar. Na cika baro in tura ta ƙofar baya in juye a gindin wani gawo. Mata ne ke jiranta, masu ruwan toka da masu sabulu, don tokar ɓawon gyaɗa tana da ƙarfi. Babbarsu wata tsohuwa ce daga Gabi mai suna Hajo, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki huɗu. Takan ɗanɗana tokar a harshe ta ce, "Ɗana, yau ka yi mana ha'inci, rabi ƙasa ce." In ce, "Inna, ƙasar garinku ce ta biyo ki." Wani lokaci ta kawo mini curin sabulu, wani lokaci fura.

Yohanna shi ke da inji. Ɗan gidan Kiristocin Maraɗi ne, ya girme ni da kaɗan, a mishan ya koyi karatu da ƙarfe. Yakan kafa sanda a jikin inji ya sa kunne a ɗaya bakin, ya gaya maka abin da zai lalace bayan kwana uku. Na-tabki yake kirana, don ni mutumin bakin tabkin Madarunfa ne. Ran Juma'a ya riƙe mini wuta in je masallaci, ran Lahadi in zuba masa mai a inji ya je majami'a. In na dawo na same shi ya jiƙe da gumi yakan ce, "Na-tabki, karɓi abinka. Ku kuke cewa mu ne ƴan wuta, amma kullum kai nake gani a bakinta." In ce, "Ina hura maka ce, Malam Yohanna, kada ka iske ta da sanyi."

Akwai abu guda a tsakanin aikina da nasa da sai an fahimce shi a fahimci sauran. A kan tukunya akwai agogon tururi, mai allura da jan layi. Aikina allura ta zauna a jan layi. A bangon ɗakin inji kuma akwai wani famfo mai jan hannu, a hannun Yohanna yake. Tururin da ya fito daga inji shi kaɗai ba ya ɗumama kasko yadda ake so, sai an buɗe famfon nan ya ƙara masa sabon tururi kai tsaye daga tukunya. In famfon na buɗe, allura ta yi ƙasa, sai na ƙara wuta. In an rufe shi, allura ta hau ko da wuta kaɗan, inji ya yi gudunsa, kuran ya tsaya daidai, amma kasko ya yi ɗumi-ɗumi kawai. Gyaɗar da ba ta ji zafi ba kuwa ba ta sakin manta duka, ya zauna a cikin tunkuza.

Mummunar shekarar ta zo ana cikin yaƙi, an rufe iyaka da Ingilishi. Ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, abin da ya tsira fara ta sauka a kai. Ƴar gyaɗar da aka samu, mutane suka ɓare ta a gida suka riƙe ɓawon, da fari don dabbobi, daga baya suka riƙa daka shi don kansu. Gyaɗar da luzin ke samu daga nesa take zuwa a kan raƙuma, ɓararriya, ba ɓawo. Mai kuwa ana nemansa ido rufe, don fetur ya yanke, da man gyaɗa ake tada wasu motocin. Tulin ɓawona da ya kai tsayin sito ya yi ta raguwa har na riƙa share ƙasa da tsintsiya. Muka gwada kara, muka gwada ƙirare, ba su riƙe tururi. Tunkuza kuma ba hanyar kai ta kudu, ta cika sito har rufi.

Wata safiya Patoro ya sa aka turo mini tunkuza, ya nuna bakin wuta. Na ce wa Yohanna ya gaya masa wannan abinci ne, ga mutane da yunwa a bayan wayar da ta kewaye luzin. Patoro ya ce kayan kamfani ne, ba nasa ba, in ya buɗe ƙofa yau gobe ƙasar duka tana bakin ƙofa, kuma in wuta ta mutu mu ma mun koma bayan waya. Ya ƙayyade mini abin da zan ƙona a yini, kowace safiya a turo mini daidai shi.

Ƙona tunkuza ba kamar ɓawo ba ne. Sai an fasa ta da guduma, a jera gutsattsari, don tana da nauyi kuma ba ta kamawa da wuri. In ta kama kuma manta ya riƙa ɗiga ta raga yana ci a ramin toka. Abin da ban iya ba shi ne hayaƙin. Ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi. In iska ta kaɗa yamma, har ƙauyukan wajen Sarkin Yamma ana ji. Mutane suka riƙa zuwa suna zama a gindin waya, ba su roƙo, ba su magana, suna zaune kawai inda hayaƙin ke sauka.

A rana ta huɗu, da na zo kwasar toka, na zuba mai sanyi a ƙasan baro, na shimfiɗa gutsattsarin tunkuza a kai, na rufe da toka mai zafi wadda mai gadi ba zai sa hannu a ciki ba. Na juye a gindin gawo na juyo. Hajo ta tona da kara, ta kwashe abin da ta samu. Washegari matan da ke jiran toka sun ninka. Na mai da baro ɗaya biyu, biyu uku. Duk abin da ya fita ta ƙofar baya daga rabon wuta ya fita, don haka allura ta fara sauka, inji ya fara nishi, fitilar ofis tana ja tana dawowa.

Yohanna ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Na-tabki, allurarka tana ramewa."

Na ce, "Shekarar ce, Malam Yohanna. Kowa ya rame."

Ya dubi baro, ya daɗe yana dubansa. Ya dubi abin da ya rage na rabon wuta. Ya koma ɗakin inji. Ba a jima ba na ga allura tana hawa da kanta har ta zauna a jan layi. Na san famfon ya rufe. Ba mu taɓa yin maganar ba, ko a ranar ko bayanta. Kusan wata biyu muka yi a haka. Tunkuzar da ke fitowa sabuwa ta riƙa zuwa da maiƙo, ni kuma ita nake zaɓa cikin rabon wuta in sa a baro. Hajo ta ce mini a hankali, "Ɗana, ta yanzu tana riƙe ciki. Ƙaramin ya fara tashi zaune."

Patoro ya ga mai yana raguwa, gyaɗa kuwa ba ta ragu ba. Wata rana bayan azahar ya shigo ya ɗora hannu a jikin kasko, ya bar shi a kai, abin da a da ba ya yiwuwa don zafi. Ya bi bututu da hannu har bango, ya iske famfo a rufe. Yana jin Hausa in ya ga dama. Ya ce, "Wa ya rufe?"

Yohanna ya ce, "Ni."

"Don mi?"

"Tururi bai isa aiki biyu ba. In na buɗe, inji zai faɗi."

Patoro ya taho wurina, Yohanna na biye da shi. Baro na tsaye taku biyu daga ƙafarsa, na riga na loda shi, toka na hayaƙi a kai. Ya ce, "Shofer, tunkuzar da nake ba ka ba ta isa ba? Tururi ya kasa?"

In na ce ya kasa, tambaya ta gaba ita ce ina tunkuzar take zuwa. Na dubi agogo. Allura na kan jan layi. Na ce, "Patoro, dubi allura. Tururina cikakke ne."

Allurar tana wurin ne don Yohanna ya rufe famfo. Na sani, ya sani. Patoro bai tsaya ya buɗe famfon ya ga abin da za ta yi ba. Ya juya kan Yohanna da faɗa, ya ce da gangan yake barin mai a tunkuza don ya sayar wa matan kasuwa. Yohanna yana goge hannu da tsumma, bai dubi baro ba ko sau ɗaya. Kafin la'asar an ba shi takardarsa ta sallama, an rubuta a ciki cewa ya ɓata aiki. Da zai fita ya bi ta gabana da sandansa a hammata, ya ɗan tsaya ya ce, "Na-tabki, ruwanka ya yi ƙasa. Busa kwalba." Na busa. Gaskiya ne, ya yi ƙasa.

Aka kawo wani mai inji ya buɗe famfon, Patoro kuma ya riƙa tsayawa a kaina. Da famfo a buɗe ba a iya rage ko gutsure. Na ƙone rabon kowace rana ƙurmus. Ran da na fara juye toka zalla a gindin gawo, Hajo ta tona da kara ba ta ji komi ba, ta yar da karan ta cusa hannu cikin mai zafin har wuyan hannu. Ta ce, "Ɗana, yau babu?" Na ce, "Babu, Inna." Ta zo kwana uku bayan haka da hannu a naɗe, ta tona, ta koma. Daga nan ban ƙara ganinta ba. An ce ta bi masu tsallaka iyaka ta daji da jikokin. Na tambayi mutanen Gabi sau da yawa, ba wanda ya san inda suka kai.

Da takarda irin wannan ba wanda ya sake ba Yohanna inji. Ya kafa rumfa a kasuwar Maraɗi yana gyaran fitila da keke, yana liƙe tukwanen da suka huje. Nakan bi ta wurinsa. Ya matsa mini a benci ya ce, "Na-tabki, ina wuta?" In ce tana nan. Sau biyu na fara, na ce, "Malam Yohanna, ranar nan..." Na farko wani ya kawo keke. Na biyu ba wanda ya zo, ya jira ni, ni ne na ce ba komi. Bayan yaƙi da ƴan shekaru aka kawo injin gazuwal, wato dizal, aka bar tukunya ta huce, aka sallame ni na dawo Madarunfa. Ɓawon gyaɗa yanzu a bakin hanya ake tara shi a cinna masa wuta, ba ya juya komi.

Bayan labarin da Garba ya kawo, na je gaisuwa gidan Yohanna ran Juma'a bayan masallaci. Babban ɗansa Bulus ya rako ni har bakin titi, ya ce, "Baba, kai kana wurin. Har yau a unguwa akwai masu cewa mahaifinmu sayar da tunkuzar Bature ya yi a shekarar yunwa. Shi bai taɓa ce mana komi ba. Ya sayar?"

Na ce, "Bai sayar ba."

"To mi ya faru? Innarmu ma tana son ta ji."

Mutane na wucewa suna yi masa gaisuwa. Na ce maganar doguwa ce, zan dawo ran kasuwa mai zuwa mu zauna da shi da innarsu in faɗa musu daga farko. Ya ce to, za su jira ni.

Kasuwa uku ta ci tun daga ranar. Ban je ba.